Yadda Makullin Injin Ruwa Ya Bar Hannuna

Da sunan Allah na sake zama kan wannan takarda, ina roƙon Ya tsare hannuna daga ƙari da ragi. Na daɗe ina kewaye wannan babin. Ku ƴaƴana kun tashi da magana guda a gidan nan, wai wata ƴar makaranta ta zo daga Doso ta ci tuwonmu wata uku, ta tafi ta bar ubanku ba aiki. Na ji Sani ya faɗa wa matarsa haka, na ji Hadiza ta faɗa wa ƴaƴanta, ni kuma ina zaune ina jan carbi ban gyara musu ba. To ba haka aka yi ba. Uwarku Zuwaira ta san gaskiya, ni na roƙe ta ta yi shiru, ta kuwa riƙe mini har ta koma ga Allah. Yanzu babu mai gyara maganar sai ni.

Kun san karatuna bai wuce aji shida na lakwal ba, wato firamare, ko satifika ban samu ba, don ranar jarrabawa tsoro ya kama ni, na kasa rubuta rabin abin da na sani. Da wannan ɗan karatun ƙungiyar manoman shinkafa ta ɗauke ni in riƙe injin da ke jawo ruwa daga gulbi ya zuba a kanal, hanyar ruwan da ke ratsa gonaki, saboda a lokacin ni kaɗai ne a cikinsu nake iya karanta Faransancin da ke jikin injin. Fadamar kashi uku ce. Akwai kai, kusa da injin, inda gonakin manya suke, har da ta Alhaji Nomau shugaban ƙungiya. Akwai tsakiya. Sai wutsiya can ƙarshen kanal, inda aka ba waɗanda suka zo daga baya, yawancinsu masunta da kifi ya yi wa ƙaranci suka koma noma. A bangon ɗakin injin an kafa allo an rubuta da fenti: Asabar da Lahadi ruwan kai, Litinin da Talata na tsakiya, Laraba da Alhamis na wutsiya, Juma'a injin ya huta. Kowa kwana biyu, don kada wani ya ce an cuce shi.

Wanda ya tsara allon bai taka fadamar da ƙafarsa ba. Ƙasar kai laka ce, in ta sha ruwan Asabar ta ƙoshi, na Lahadi sai ya bi magudana ya koma gulbi. Ƙasar wutsiya kuwa rairayi ya fi yawa a cikinta, ga kanal ɗin da ke kai musu ruwa ya tsattsage, sai ya sha na rabin yini kafin ɗigo ya isa gonar farko. A shekarata ta biyu na lura da haka, sai na fara wani abu. Ranar Lahadi da hantsi, in rana ta kori mutane gida, sai in tuɓe takalmi in zaga gonakin kai ina danna diddige a laka. In ta riƙe ƙafata har ta yi ƙara da na zare, na san sun ƙoshi. Sai in koma in rufe ƙofar kai, in buɗe ta wutsiya har la'asar sakaliya. Ƙofofin ruwan suna cikin shingen waya bayan ɗakin injin, makulli yana aljihuna. Shekara goma sha tara ina haka. Mutanen wutsiya sun sani, don ba a ɓoye wa manomi ruwa a cikin gonarsa, amma ba wanda ya taɓa furtawa. Mutanen kai ba su rasa komai ba, saboda haka ba su duba ba.

Kada ku ɗauka na yi shekarun nan da kwanciyar hankali. Amana aka ba ni, allon kuma shi ne abin da jama'a suka yarda da shi. Malamai uku na je wa a lokuta daban-daban ina tambaya a kaikaice, ina cewa wai wani mutum ne a Bengu aka damƙa masa rabon abu, yake ɗibar abin da wani zai zubar yana ba mai bukata. Na farko ya ce babu laifi. Na biyu ya ce sai da izinin mai abu. Na uku ya dube ni sosai ya ce in gaya wa mutumin Bengu ya bar wahalar da malamai. Maganar na biyun na riƙe, don ita ta fi ba ni tsoro. Amma Lahadi na yi sai in ga na tuɓe takalmi.

A shekarar da nake ba ku labari, ana cikin dashen shinkafar rani, Alhaji Nomau ya zo ɗakin injin da wata yarinya doguwa siririya, da dogon takalmin roba irin na ma'aikata, da jaka a baya.

"Malam Idi, ga baƙuwa. Ramatu sunanta, daga makarantar koyon aikin gona take. Istaj za ta yi wata uku. Malaminta ya rubuto, kuma sunanka ya sa a takardar, wurinka yake so ta zauna."

"Sunana? A ina ya san ni?"

"Ka yi suna ke nan, Sarkin Ruwa. Gidanka ma za ta sauka, na riga na yi magana da Zuwaira."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Istaj, yadda ya bayyana mini, zaman koyon aiki ne: ɗalibi ya bar aji ya je inda ake aikin da hannu, ya gani, ya rubuta rahoto ya kai wa malamansa, mu kuma mu sa hannu a wata takarda cewa ya zauna lafiya, da su za a ba shi difilom, takardar gama karatu. Kalmar rahoton nan ce ta dame ni. A watannin kuma ana ta raɗe-raɗin za a cire marasa takarda daga kan injuna a sa masu difilom, har an ce an yi wa wani haka a wata fadama da ke sama da mu. Mutumin da ban taɓa gani ba ya rubuta sunana, ya turo mai rubutu ta zauna a cikin gidana. Na juya abin ta kowace fuska, fassara ɗaya kawai na samu. Kafin mu isa gida na yanke shawara: zan bi allon nan harafi da harafi har ta tafi. Na ce wa kaina wata uku ba su kashe kowa. Alhali na fi kowa sanin cewa su ne watannin zafi, kuma a cikinsu shinkafa ke ɗaukar ciki.

Ramatu Bazabarma ce, Hausarta ta kasuwa ce, takan juya namiji ya koma mace, ku kuna yara kuna ɓoye baki kuna dariya. Ladabi kuwa ban ga irinsa ba. Ba ta taɓa miƙo mini abu a tsaye ba. Amma kullum tana bayana da kaye, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango, da agogo, da wata sanda mai zane-zane da take tsomawa a kanal. In na tada injin ta duba agogo ta rubuta. In na kashe ta rubuta. In na yi tari sai in ga kamar shi ma za ta rubuta. Uwarku kuwa tun sati na farko ta ɗauke ta ƴa, suna daka tare suna hira rabi Hausa rabi Zabarmanci. Na ja ta gefe na ce ta riƙa kula da abin da take faɗa a gaban baƙuwa.

"Kai dai, Malam, ba ka rabuwa da zargi. Yarinyar da ke riga ni tashi ta ɗebo ruwa, ita ce ɗan sanda?"

"Ai ba da kaki za a turo ta ba, Zuwaira."

"To a ce turo ta aka yi. Sai ta rubuta cewa mutanen wutsiya suna cin shinkafa. Laifin ke nan?"

"Ki rage murya."

"A cikin ɗakina?"

Wata rana muna cikin shingen ƙofofi, Ramatu ta shafa hannun ƙofar wutsiya, ta shafa na sauran.

"Baba, me ya sa wannan ya fi sauran sulɓi? Kamar an fi taɓa shi."

"Ƙarfensa ne daban."

Ta ce to, ta rubuta. Wannan ce ƙaryar farko da na yi mata baki da baki, na kuma tsaya ina kallo ana mayar da ita rubutu. Bayan ƴan kwanaki suka haye gada ita da uwarku zuwa kasuwar Malanbil, ta bar jakarta a ɗaki. Na yi abin da ban taɓa yi wa baƙo ba, na buɗe. Yawancin rubutun ya fi ƙarfina, amma na ga zanen fadamarmu, an kewaye wutsiya da jan bik, wato biro, a ƙarƙashi an rubuta sunana da alamar tambaya. Na mayar da kayen cikin jaka. Sau uku ina komawa ɗakin don na kasa tuna ko bik ɗin a dama yake ko a hagu. Na yi istigfarin leƙen da na yi, amma abin da na gani na riƙe shi a matsayin hujja.

A sati na biyar Bawa ya zo. Kun san shi, tsohon masuncin nan Badande mai gona ta biyun ƙarshe a wutsiya, wanda ke ce mini ɗan tudu don ban iya iyo ba. Tun muna samari muke tare. Ranar Litinin ce, Ramatu na zaune a benci da kayenta a cinya.

"Idi, jiya Lahadi."

"Na sani, Bawa."

"Wadda ta wuce ma Lahadi ce. Da ta gabanta."

"Ruwan wutsiya Laraba ne da Alhamis. Ga shi nan a rubuce."

Ya juya ya dubi allon, ya dubi yarinyar, ya dube ni. Bawa bai iya karatu ba.

"Karanta mini, ɗan tudu. Wanga allo shekara da shekaru yana nan, ban taɓa jin muryarshi ba."

Na kuwa karanta masa, tun daga Asabar har Juma'a, da irin muryar da ake karanta sanarwa a rediyo. Ya saurara har na gama.

"Madalla. To ka ce ma allon ƙasata ta tsage, yatsa na shiga. In ya ba da amsa ka aiko mini."

Da ya tafi Ramatu ta rufe kayenta ta matso.

"Baba, na je wutsiya, na auna. Ruwan kwana biyu ba ya isar su. Na kai kuma ranar Lahadi gulbi yake komawa, na bi shi da ƙafa na gani. Ba za a iya karkata musu shi ba?"

Ta faɗi abin da nake ɓoyewa daidai, har da ranar. A raina na ce babu yadda yarinya za ta gano a sati biyar abin da ya ɗauke ni shekara biyu, sai dai in an gaya mata, an kuma ce ta jefa mini ta ga ko zan kama.

"Wa ya ce ki tambaye ni haka?"

"Ba kowa, Baba. Gani na yi."

"Ke aka ba makulli ko ni?"

"Kai ne."

"To doka doka ce. Ki rubuta haka na ce."

Ba ta rubuta ba. Bayan la'asar na hango ta bayan bishiyar dalbejiyar ƙofar gida tana magana a salula da Faransanci mai sauri, na tsinci sunana sau biyu a ciki. Washegari ta je wurin Alhaji Nomau da wannan shawarar, ya ce mata allo ba abin wasan ɗalibai ba ne, kuma Idi ya san aikinsa. Da labarin ya iso ni, maimakon in ga cewa mai neman tona ni ba za ta je tana roƙa wa wutsiya ruwa ba, sai na ce ashe har da Alhaji a cikin shirin. Haka zargi yake yi wa mai shi, duk abin da aka kawo masa sai ya haɗiye ya ƙara ƙiba.

A sati na takwas malaminta ya zo a kan moto, wato babur, Mushe Garba, kamar yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, gajere mai furfura, da ƙurar hanya har cikin gira. Bai nemi kujera ba. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya bi kanal da ƙafa har wutsiya cikin wannan rana. Da ya dawo ya aiki Ramatu gida ta kawo ruwan sha, muka zauna mu biyu a inuwar ɗakin injin.

"Malam Idi, shekarun baya na kawo ɗalibai nan yawon gani da ido, ranar kana Kamba sayen kayan injin. Na zaga fadamu da dama a bakin gulbin nan, ko'ina wutsiya ce ke shan wahala. Nan kaɗai na tarar da ita kore shar. Na tambayi wani tsoho, ya yi dariya ya ce in tambayi Idi. Ni a aji lissafin ruwa nake koya musu a kan takarda, abin da ka sani ba ni da shi da zan ba su. Shi ya sa na turo maka wadda ta fi kowa a ajina, na ce ta gano mini yadda kake yi. Yau na zo na tarar da wutsiyarka kamar ta kowa. Me ya canja?"

Ku ji abin da ubanku ya yi. Mutum ya taso tun daga Doso, ya zauna a ƙasa, ya gaya mini gaskiya tsirararta. Ni kuwa ina kallon bakinsa ina tunani: in haka ne, me ya hana shi rubutawa a takardar farko? Me ya sa ya aiki yarinyar, ko dai tana bayan bango tana saurare? Wane tsoho ne ya ambaci sunana, kuma wa ya sake gaya wa? Masu ilimi ai sun iya yabon mutum har ya saki baki.

"Mushe, ni allo nake bi. Bana zafi ne ya yi yawa."

"Allo."

"Allo, Mushe."

Sai ya sa takalminsa a kan lakar ba tare da ya wanke ba, ya ce Allah Ya kawo sauƙin zafin, ya tafi neman ɗalibarsa.

Shinkafar wutsiya ta fitar da kai fari fat, in ka murza a tafin hannu sai ƙaiƙayi. Ina ganinta daga nesa ina kau da kai, ina ƙirga kwanakin da suka rage wa baƙuwa. Ranar wata Asabar na hango shanu a cikin gonar Bawa. Na ruga da sanda ina tsammanin ɓarna ce, sai na tarar da shi zaune a bakin kanal tare da Bafulatanin mai shanun. Shi ya kira su da kansa su cinye, don babu abin yanka. Bai ɗago ya dube ni ba. Washegari Lahadi da hantsi na shiga shinge, Ramatu na tsaye a bayana, na rufe ƙofar kai na buɗe ta wutsiya. Ruwan ya ceci gonaki kaɗan na bakin wutsiya, sauran ya je ya jiƙa abin da ya riga ya mutu.

Aka kira taro a rumfar ƙungiya. Mutanen wutsiya sun zo da zafi, amma bakinsu a ɗaure yake, don in sun ce Idi ya hana mu ruwan Lahadi sun tona abin da suka ci shekara goma sha tara. Sai suka nemi wanda za su iya ambata. Ɗaya ya ce tun da yarinyar nan ta zo da sandarta ruwa ya canja. Wani ya ce ya gan ta a shingen ƙofofi. Alhaji Nomau ya ce lalle ta taɓa zuwa masa da maganar sauya rabon ruwa. Nan take magana ta haɗu: ba za a sa mata hannu a takardar istaj ba, kuma za a rubuta wa makarantarsu cewa ta shiga abin da ba a sa ta ba har an yi asarar amfani. Na san abin da hakan ke nufi, don na ji tana gaya wa uwarku cewa ba difilom in babu wannan takardar, kuma ita ce ta farko a gidansu da ta wuce kwaleji. Tana tsaye a bakin rumfa ita kaɗai mace. Har lokacin ba wanda ya ambaci sunana. Ina iya tashi in tafi gida da makullina. Ina kuma gaya muku don Allah, ina zaune a wurin ina tunanin ko shi ma taron shiri ne.

Sai ta nemi izinin magana.

"Iyayena, ni ban taɓa ƙofa da hannuna ba. Kuma kada a ga laifin Baba. Wata biyu da ɗoriya ina duba agogo, yana bin allo daidai, ko minti bai taɓa rage wa kowa ba. Jiya-jiyan nan ne da ya ga abin ya ɓaci ya buɗe wa wutsiya, kuma ni na fara kawo masa shawarar."

Yarinyar da ake shirin ɓata wa karatu tana kare ni da ƙaryar da na shirya mata da kaina. Ban san lokacin da na miƙe ba. Tsoro irin na ranar satifika ya kama ni, amma wannan karon abin da na sani ya fito duka. Na faɗi maganar laka da rairayi, da diddige, da ruwan Lahadi. Na faɗi ranar da na daina da dalilin dainawa. Na faɗi abin da malaminta ya gaya mini da amsar da na ba shi. Har buɗe jakarta na faɗa, ko da yake ba wanda ya tambaya.

"Shekara nawa ka ce?" in ji Alhaji Nomau.

"Goma sha tara, Alhaji."

"Ruwana?"

"Wanda ke komawa gulbi ne, Alhaji."

"Na tambaye ka inda yake komawa?"

Mutanen kai suka ce cin amana ne, kuma wa ya san abin da na ɗiba ban faɗa ba. Mutanen wutsiya suka ce na san maganin na tsaya ina kallo suna mutuwa don in tsare aikina. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Ban taɓa ganin kai da wutsiya sun yarda da abu ɗaya ba sai ranar. Na ciro makullin na ajiye a kan tabarma gaban Alhaji. Da na dawo gida kuka tare ni a zaure kuna tambaya, na ce muku, "Maganar yarinyar nan ce," na shige ɗaki. Ban yi ƙarya ba, na dai ba ku rabin magana na bar ku ku ƙarasa ta yadda zai yi mini sauƙi. Daga nan kuka daina amsa mata gaisuwa da kyau, ina gani.

Kwana goma suka rage mata. Na ɗauka za ta kwashe kayanta ta koma gidan Alhaji, sai ga ta da safe a ƙofar ɗakina, takalmin robanta a hannu.

"Baba, ka nuna mini na diddigen."

"Ba ni da makulli, ƴata."

"Ai ba makullin aka turo ni koya ba."

Muka zaga gonakin kai tare ba takalmi. Na nuna mata lakar da ta ƙoshi da wadda ke yaudara, mai laushi a sama da tauri a ƙasa, da yadda ganye ke naɗewa da hantsi in saiwa ta fara jin ƙishi. Cikin kwana huɗu ƙafarta ta iya. Duk da haka sai da na roƙe ta kada ta sa sunana a rahoton, ta ce to. Alhaji ya sa mata hannu. Ta aiko mini wasiƙa sau biyu ban amsa ba, don ina tsoron abin da aka rubuta ya tafi inda ban sani ba. Na ji an ce yanzu tana aikin lambuna wajen Karakara. Duk wanda Allah Ya haɗa shi da ita a cikinku, ya durƙusa ya gaishe ta, ya nema mini gafara ya nema wa kansa. Injin kuwa mai difilom aka ba, kamar yadda na yi tsoro tun farko, sai dai ni na jawo hakan da hannuna. An yi damina biyu ana gardama kafin a goge allon a rubuta wa wutsiya rabin Lahadi.

Bawa bai ga wannan ba, don daga shekarar bai sake dashe ba, ya bar gonar ya koma wurin ɗansa a hayin gulbi. Kafin ya tashi, da aka yanke tamu ƴar gonar ta tsakiya, na ɗora buhu guda a kan amalanke na kai masa. Na same shi a ƙofar gida yana ɗinkin wata tsohuwar koma ta kamun kifi da ya daɗe da ratayewa. Na yi sallama, na sauke buhun, na fara jero maganar da na kwana uku ina shiryawa. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Idi, shekara goma sha tara kana ba mu ruwa, ban taɓa gode maka gaban mutane ba, don kada in tona ka. Bana ka kashe ni, ba ni kuma zaginka gaban mutane. Shinkafa ina so, yara na jin yunwa. Aje ta nan ka tafi."

Na ajiye na tafi. Ya rayu shekara shida bayan haka, mukan haɗu a kan gada mu gaisa, yakan tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya. Malam Idi yake ce mini har ya rasu, bai sake kirana ɗan tudu ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini.